Inda Tukunyar Gawayi Ke Zama Uwar Kaza: Ziyara a Konni, Malbaza da Illela

Ranar Laraba kasuwar Birnin Konni ke ci, kuma baƙon da ya taso daga Sakkwato ba ya bukatar a faɗa masa. Tun daga bakin iyaka zai tarar amalanken jakuna da 'yan kabu-kabu da manyan motocin albasa sun cunkushe hanya, 'yan canji sun jeru a inuwa da ƙunshin naira da na sefa. Tsakanin Konni da Sakkwato bai cika kilomita 100 ba. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi, ta wuce Madawa da Maraɗi har Damagaram, shi ya sa kayan da suka ƙetaro daga Nijeriya a nan suke fara sauka kafin su watsu cikin jihar Tawa. Atamfa da taki da kayan roba, kowa ya san da su. Abin da ya kawo ni wani kaya ne da ba a cika lura da shi ba, wanda ke zuwa cikin kwali mai huje-huje yana ta kuka.

A ɓangaren masu kaji kasuwa biyu ce ke ci a wuri ɗaya. Ga kajin Hausa an ɗaure musu ƙafafu, ga zabbi cikin kwanduna, ga tantabaru da agwagi, mutanen ƙauye suna ciniki da dillalai. Can gefe kuma ga samari da waya a kunne suna karɓar odar 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya: buroila na nama, masu ƙwai, da ruwa-biyun nan da mutanen wurin ke kira maja. Kwali guda 'yan tsaki 50 ne, galibi da ɗaya na gyara. Yawancinsu daga gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan suke fitowa, wasu daga Kaduna ko Jos, su kwana a mota kafin su iso Sakkwato, sannan a ƙetaro da su. Abin da ke riƙe da ransu a wannan doguwar tafiya shi ne ragowar gwaiduwar da tsako ke zuƙewa cikin cikinsa dab da zai fasa ƙwai. Ita ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku. Tsakon da ya iso Konni ya riga ya cinye mafi yawan wannan guzuri, ga ƙishirwa, ga gajiya. Duk lokacin da aka rufe iyaka kuwa, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, masu wannan kiwo suna cikin waɗanda ke fara ji a jika, domin tsakon da abincinsa duk ta hanya ɗaya suke shigowa.

Wanda ya san Konni da zafinta zai yi mamaki idan aka ce masa sanyi ne babban mai kashe 'yan tsaki a nan. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Amma daren Disamba da Janairu, idan hunturu ya buso, yakan sauko zuwa 15 ko ƙasa da haka. Shi kuwa tsako a makonsa na farko yana bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin bayansa, dare da rana, saboda jikinsa bai iya riƙe zafin kansa ba sai ya yi kamar mako biyu, kuma gashin kirki ba ya gama rufe shi sai mako huɗu zuwa shida. Uwar kaza, wadda zafin jikinta ya kai digiri 41, ita ke cike wannan giɓi da fukafukanta. Wanda ya sayi kwali ya sayi marayu 50 ne, duk aikin uwar ya dawo wuyansa. Abin da na gani a gidajen wannan yanki ya tabbatar mini cewa ribar kiwo ko hasararsa ana gama yanke ta ne tun kafin kwalin ya shigo gida.

Wani saurayi daga cikin masu odar ne ya raka ni gidan wata Hajiya a cikin gari. Bayan maigida ya yi mana iso muka shiga, muka tarar da ita da 'yarta a bakin wani ɗan ɗakin ƙasa da ke kusurwar gida. Ɗakin babu kowa a ciki, saura kwanaki kwalinta ya iso, amma aiki ake yi sosai. Na ce, "Hajiya, ai baƙin naki ba su zo ba tukuna." Ta ce, "Malam, ba a hwahe gora ranat tahiya." A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa ƙarshen sanyi, tana zuba maja tun cikin hunturu don su kai sayarwa da Sallah, wato ta zaɓi lokacin da ya fi kowane wuya saboda shi ya fi kasuwa.

Ta fara ne da kwashe tsohuwar shimfiɗar zubin baya gaba ɗaya, aka kai gona. Aka share yanar gizo-gizo da ƙurar rufi, aka wanke daɓe da bango da ruwan omo, bayan ya bushe aka yayyafa kirizil, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan aka shafe bango da farar ƙasa. Duk ramin ɓera an toshe shi da siminti da fasassun kwalabe, taga an sa mata ragar waya saboda kyanwa da gafiya. Daga nan aka bar ɗakin ya huta mako biyu. Wannan hutun shi ne abin da masu gaggawa suka fi tsallakewa, alhali ba ya cin ko dala. Ƙwayoyin cutar da zubin baya ya bari suna nan cikin ƙura da tsagar bango, kuma wanki ba ya kawar da su duka sai bushewa da lokaci sun taimaka. Mashaya da farantan abinci ta jiƙa su cikin ruwan Javel, ta ɗauraye, ta kife a rana. A bakin ƙofa akwai tsohon silifas guda wanda ba ya fita ko'ina, shi kaɗai ake shiga ɗakin da shi. Duk ɗawainiyar ta yi kama da gyaran ɗakin mai jego, har da wutar da ba a bari ta mutu.

A tsakiyar ɗakin ta yi zobe da yankakkun kwalaye, tsayinsa kamu guda, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, daidai 'yan tsaki 50 a makon farko. Dalilin yin sa zagaye shi ne rashin kusurwa. Idan 'yan tsaki suka ji sanyi ko suka firgita, lungu suke nufa su hau kan juna, na ƙasa su shaƙe. Kullum suka ƙara girma sai a buɗa zoben, bayan mako biyu a ɗauke shi. Shimfiɗa kuwa kaurin yatsu huɗu ta zuba. A Konni ana samun askin katako wajen kafintoci, wasu su nemi buntun shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa. Garin katako mai laushi ba shi da kyau a kwanakin farko, domin tsako bai san bambancinsa da abinci ba, sai ya cika cikinsa da shi. Leda da takarda mai santsi su ma haɗari ne, ƙafafun tsako sukan tale a kansu, kuma wanda ya tale da wuya ya miƙe. Abin da ake nema shi ne shimfiɗar da ke tsotse laima. Idan ka damƙi shimfiɗa ta dunƙule a hannunka, ko ka shiga ɗaki wari ya sa idonka yaji, ta jiƙe ke nan, kuma a cikin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa cutar kashin jini ke hayayyafa.

A kan tukunyar na fi daɗewa. Tukunyar ƙasa ce irin ta kasuwa, an huhhuje gefenta, an ɗora ta kan tubali uku a tsakiyar zoben, an kewaye ta da ragar waya don kada tsako ya manne mata ko wuta ta kama shimfiɗa. Gawayin ba a cikin ɗaki ake hura shi ba. A tsakar gida ake hura shi har hayaƙi ya ƙare, ya zama jan garwashi, sannan a juye cikin tukunya a yayyafa toka a kai don ya daɗe yana ci a hankali. Yumɓu yana riƙe zafi ya riƙa sakinsa sannu-sannu, abin da kaskon ƙarfe ba ya yi. Tun jajibirin zuwan kwali ake sa wutar, saboda ɗumin iska kaɗai bai isa ba, sai daɓen da shimfiɗar sun ɗauka. Tsako ta ƙafa sanyi ke shigarsa. Cikin dare kuma sai an tashi an sabunta garwashi, musamman gab da asuba lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Akwai abu ɗaya da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Tsoron sanyi yakan sa mutane su liƙe ɗaki ruf da buhu da leda, ga gawayi na ci a ciki. Gawayi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari. Tana kashe 'yan tsaki cikin dare ɗaya, kuma tana kashe mutum, domin akwai masu kwana a ɗakin don gadi, wani lokaci ma yara ake sawa. Hajiya ta rufe tagarta da buhu daga ƙasa, ta bar tazarar tafin hannu a sama inda iska ke fita. Haka ya kamata. A tare iskar da ke bugun tsako kai tsaye, a bar wa ɗaki hanyar numfashi, kuma kada kowa ya kwana a ciki.

Ba ta da ma'aunin zafi, kuma ban ga ta yi rashi ba, domin 'yan tsakin ne ma'auninta. Idan suka curu jikin tukunya suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. Idan suka gudu jikin kwali, baki buɗe, fukafukai a sake, wuta ta yi yawa. Idan duk suka koma gefe guda, iska na shigowa ta wani wuri. Idan suka bazu, wannan na ci, wancan na sha, wani ya miƙe ƙafa yana barci, to an dace. Takan kuma ɗauki tsako ta manna ƙafafunsa a kumatunta, in ta ji su da sanyi ta san daɓe bai ɗumama ba. Kowane mako ana rage wutar, kimanin digiri 3 a lissafin masana, har a janye tukunyar gaba ɗaya idan gashi ya rufe su.

Ranar da kwalin ya iso na koma gidan. Abin farko da aka yi shi ne ƙidaya da dubawa ɗaya bayan ɗaya: ido garau, ƙafa tsaye, cibiya a rufe a bushe. Kowane tsako aka ɗauka sai an tsoma bakinsa cikin ruwa kafin a sake shi. Ruwan ba na randa mai sanyi ba ne, an bar shi a ɗakin ya yi ɗumi, an sa masa ɗan sukari na sa'o'in farko don su farfaɗo daga wahalar hanya. Mashayar roba guda ta saya, ɗayar kuma gwangwanin tumatir ne da aka huda bakinsa aka kife kan faranti, aka zuba tsakuwa a kewaye don kada wani ya faɗa ya jiƙe. Tsakon da ya jiƙe cikin hunturu, ko bai nutse ba, sanyi zai ƙarasa shi. Bayan sun sha aka barbaɗa abinci a kan murfin kwali, inda ƙarar tsattsagar ɗaya ke jawo sauran. Fitilar sola tana rataye tana ci har safe a kwana biyu ko ukun farko don su gane inda ruwa da abinci suke. Washegari sai a shafa jakar abincin da ke gindin wuyan kowane. In ta cika tana da laushi, ya ci ya sha. In tana da tauri, ya ci bai sha ba. In babu komai, a sake kai bakinsa ruwa tun kafin ya galabaita. Wanda kashi ya toshe wa dubura a goge masa da tsumma da ruwan ɗumi.

Abinci shi ne inda kuɗi ke tafiya. Na 'yan tsaki da ake sayarwa cikin buhu mai kilo 25 yana ɗauke da sinadarin gina jiki kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, kuma buhu guda yakan kai buroila 50 kimanin mako biyu, masu ƙwai kuwa mako uku zuwa huɗu. Tsadarsa ke sa mutane su koma ga tsakin gero da dusa zalla, kuma a nan ake samun tsaurin girma, domin hatsi kaɗai rabin abin da tsako ke bukata yake bayarwa. Konni tana da abin haɗawa. Fadamar noman raninta, mai sama da hekta 2,400, wadda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kwarin Majiya, tana ba da masara da dawa da alkama, ga dusarsu. Masu haɗa nasu sukan auna da tiya, su ƙara tunkuzar gyaɗa da soyayyen waken suya da garin busasshen kifi. Sai dai a kiyaye abu biyu. Ƙuli-ƙulin ci yana da gishiri, kuma gishiri mai yawa yana kashe tsako. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya daure ya sayi buhun kamfani guda na makonnin farko tun kafin ya biya kuɗin kwali, ya bar haɗin gida sai sun yi ƙwari. In kuɗin bai kai na kwali da buhu tare ba, gara ya raba kwalin da maƙwabciya.

Daga Konni in ka nufi gabas, ka wuce mararrabar Tsarnawa, tun daga nesa za ka hango dogayen gine-ginen masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki da farin dutsen yankin tun shekarun 1960. A garin ne kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7, a shekarar 2018. Gaba kaɗan ga Galmi, garin albasar da sunanta ya kai har kasuwannin Abijan da Akara, da asibitin mishan da ke can tun 1950. Ko'ina ka duba rudu ne na ajiyar albasa, kuma kuɗin albasar nan yana cikin abin da ke zama jarin kaji a gidaje.

A Malbaza na ziyarci wani matashi da ba ya jiran kwalin Ibadan. Yana da ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da faifan sola da batir, yana sayen ƙwan kajin gida da na zabbi daga ƙauyuka. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a zafin digiri 37 da rabi ko ɗan sama da haka, ana juya shi har rana ta 18. Idan suka fara fitowa ba ya gaggawar kwashe su, yakan bar su cikin injin sai gashinsu ya bushe ya tashi, sannan ya mai da su akwatin katako da ya riga ya ɗumama. Ya nuna mini wani kuskure da ya ce ya yawaita tsakanin sababbin shiga: an ce musu a rataya ƙwan lantarki, sai su rataya irin na zamani mai farin haske, wanda ba ya fitar da zafin kirki. Ɗaki ya haskaka, 'yan tsaki na mutuwa da sanyi a ƙarƙashinsa. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100, shi ke ɗumamawa. Duk da haka tukunyarsa da buhun gawayinsa suna ajiye a gefe. Wuta takan ɗauke, kuma mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba su. Sa'a biyu ba ɗumi cikin daren hunturu ta isa ta gama da akwati guda.

Da bazara kuwa lissafin juyewa yake yi. Ɗakin kwano da tsakar rana ya wuce abin da tsako ke so, sai a shimfiɗa zana ko karan dawa a kan rufi, a buɗe tagogi, a riƙa sauya ruwa akai-akai, wuta kuma sai ɗan kaɗan wajen asuba in an ga sun curu. Kwali a wannan lokaci da sassafe ko da dare ake ɗauko shi, ba a ɗaure shi bayan babur cikin rana.

Illela kuwa da damina ya kamata a gan ta, kuma da damina na je. Wannan ba Illelar Nijeriya ta bakin iyaka ba ce. Daga Tsarnawa ake karya arewa a kama hanyar Tawa, a hau tudun Adar mai jajayen duwatsu, a sauka kwarin Badagishiri, sannan a ratse yamma. A ƙauyukan nan da na wajen Tajaye ba ruwan kowa da kwali. Dukiyarsu zabbi ce. Zabuwa da saukar ruwa take fara ƙwai, shi ya sa da damina za ka ga yara a bakin hanya da tiren dafaffen ƙwan zabi. Amma zabuwa ba ta iya reno ba, tana ƙyanƙyashewa za ta ja 'ya'yanta cikin ciyawa mai raɓa. Don haka ake kwashe ƙwanta a sa wa kaza mai kwanci, guda 15 zuwa 20 gwargwadon girman kazar. Ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi, ya ɗara na kaza da mako guda, saboda haka wasu sukan jira mako ya zagayo su ƙara ƙwan kaza biyu ko uku, duk su fashe tare.

Wata dattijuwa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta nuna mini nata shirin. Akurkin laka ne da aka ɗaga daga ƙasa saboda ruwa. Kafin ta sa ƙwai ta ƙona kara a ciki don hayaƙi da zafi su kashe ƙuma da kaskar kaji da ke ɓuya a tsaga, ta share, ta zuba yashi da toka. Idan sun fito ba ta buɗe akurki sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe, kuma da hadari ya haɗu za ka ji tana kiran jikoki a kamo su. Da rana babban kwando take kifewa a kan uwar da 'ya'yan saboda shirwa. Abincinsu tsakin gero ne da gara. Da yamma take cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a kan hanyar gara, da sassafe kafin rana ta yi zafi ta ɗauko ta a cike. Ta ce mini, "Ɗana, ƙananan ka ba su, masu jan kai cizo su kai." Gaskiyarta, manyan sukan maƙale a maƙogwaron ɗan zabo. Wannan dabara ta gara ilimi ce ta gaske, domin ɗan zabo ya fi tsakon kaza bukatar abinci mai gina jiki, kuma garar ce ke ba shi.

Duk da wannan ƙoƙari, kowa a ƙauyen zai gaya maka 'yan zabbi sun fi mutuwa kafin su cika wata biyu: sanyin damina, jiƙewa, tsutsar ciki. Bayan mako biyu fukafukan kaza ɗaya ba sa iya rufe 'ya'ya 20, na gefe su ke kwana a waje. Na tabbata da tukunyar Hajiya ta Konni za ta shigo akurkin Inna, a tsare 'yan zabbi wuri mai ɗumi mako huɗu zuwa shida, da an tsirar da masu yawa. Amma ban ga laifin Inna ba. Wanda ya tsare tsuntsu shi zai ciyar da shi, kuma 'yan zabbi suna fitowa ne a daidai watannin da rumbu ya yi ƙasa, gero na tsada, hannu duk yana gona. Duk mai son ya taimaki matan nan da sabuwar dabara, sai ya haɗa da amsar inda abincin zai fito.

Abu ɗaya ya haɗa gidajen uku, kuma shi ne ya fi damuna: rigakafi. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa cikin kwanaki, da hunturu ta fi tashi, ba ta kuma da magani in ta kama. Gautan kaji da ɓawon maɗaci da barkono da ake jiƙawa a ruwa ba sa tare ta. Kafson mutane mai ja da rawaya da ake fasawa a mashaya shi ma ba ya taɓa ta, sai dai ya sa ƙwayoyin cuta su saba da magani, abin da zai dawo kanmu. Rigakafi kaɗai ke aiki: na Newcastle a makon farko, a maimaita wajen mako na uku, na cutar Gumboro wajen kwana 10 zuwa 14, shi ma a maimaita yadda malamin dabbobi ya tsara. Ruwan da za a haɗa shi kada ya kasance da Javel, kuma da an haɗa a shanye cikin sa'a biyu, saura a zubar. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu nesa da ɗakin 'yan tsaki, darasin da Nijar ta koya tun murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya cikin Fabrairun 2006.

Wahalar ita ce rigakafin yana son sanyi tun daga inda aka yi shi har bakin tsako, kuma yawancin kwalaben na ɗaruruwan kaji ne, har na 1,000, alhali mace tana da 50 ko 20. Rigakafin da ya kwana a teburin mai kanti cikin zafin Konni ruwa ne kawai. Akwai mafita. Irin rigakafin Newcastle da ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar don kajin ƙauye, yana jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ake sawa a ido duk wata huɗu. Nijar kuma tana da tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara a Dakwaro a farkon shekarun 2000, inda likita ɗaya ke da mataimaka a ƙauyuka.

Kirana ga hukumomin kiwo na jihar Tawa da ƙungiyoyin da ke aiki a Konni da Malbaza da Illela shi ne su kai ƙananan kwalaben rigakafi da firjin sola har Badagishiri da Tajaye da Dogarawa, su kuma horar da mata su zama masu ɗiga shi, tunda su ke shiga gidaje. Ku kuma masu kiwo, matan unguwa ɗaya ku haɗa oda a mako guda, ku sayi kwalba ɗaya daga wurin da ke da firji, ku ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara, ku yi wa 'yan tsakinku rana ɗaya. Kafin ki ba mai oda kuɗinki, ki tabbata ɗaki ya huta, tukunya da gawayi suna nan, buhun abinci ya shigo gida, kuma kin san wanda zai zo ya yi rigakafin da ranar da zai zo.